Ranar da Baba Ya Ji Kukan Monjito

La Virgen, Sarapiquí,
Ƙarshen watan Yuli.

Zuwa ga Yayata Zeneida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Eliécer da yara. Allah ya sauƙaƙa muku aikin nan da ba ya ƙarewa, ya raya Dayana da Keilor, ya sa su riƙa tuna cewa suna da dangi a wannan gefen duniya. An ce mini zafin New Jersey na bana ya sa har kina kewar ruwan samanmu. Ki daina. Tun da na zo hutu daga Heredia ban ga inuwata ba, kuma kayan da na shanya ranar da na iso suna nan kan igiya sun fara funfuna. Gwaggo Flory lafiyarta lau, in ban da gwiwar nan tata da ke tashi ranar wanke-wanke ta kwanta ranar bikin coci. Ƙanenmu Olman da matarsa suna lafiya, cikinta ya fito sosai. Baba ma jikinsa da ƙarfi, yana ci yana sha. A kansa ne nake rubuto miki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne ke ba a gama miki labari a waya. Kafin in kai tsakiya kin fara kuka, ni kuma in koma lallashi, labarin ya tsaya a nan. Kuma duk lokacin da kika kira, Baba yana zaune kusa yana karanta fuskata. Shekaru ke nan kina roƙonsa ya bar shiga kurmi ya koma wajenki, shi kuma yana ce miki sai dai a fitar da shi a kwance. Kin san a wannan gardama ni ina bayansa. To wani abu ya faru a hutun nan wanda ya taɓa maganar, kuma ina so ki ji shi daga farko har ƙarshe kafin ya kira ki.

Kin san yadda Baba yake aikinsa. Sauran masu kai baƙi kallon tsuntsaye da ido suke ci, shi da kunne. Ya tsaya a bakin rafi ya karkatar da kai, ya lissafa tsuntsayen da ba wanda ya gani tukuna, sannan a ɗaga madubin hangen nesa a tarar da su kamar shi ya ajiye su a wurin. To, Yaya, kunnen ya tafi. Ba duka ba. Yana jin gurnanin birai da asuba, yana jin tsawa, yana jin Gwaggo idan ya ga dama. Amma siririn sauti, irin na ƙananan tsuntsaye da gyare, ya ɗauke masa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a wajensa ba kunnen ne ya tafi ba, kurmin ne ya yi shiru. Ya ce mini wai maganin da ake fesa wa gonakin abarba ya ƙarar da komai, wai a da mutum ba ya jin maganar na kusa da shi don hayaniyar tsuntsaye. Yana faɗa mini haka muna zaune a baranda, ga wani ɗan tsuntsu bisa wayar lantarki a saman kanmu yana tsala kuka kamar an take masa ƙafa. Da yake gonakin abarbar da gaske sun cinye rabin dajin, ba wanda ya iya ce masa ba haka ba ne. Har a taron gari ya miƙe ya yi jawabi a kai, aka tafa masa.

Da ƙwaƙwalwa yake aiki yanzu. Ya san reshen da kowane tsuntsu yake so da lokacin da yake zuwa, kuma ya koyi lura da wuyan baƙi. In ya ga kawuna sun juya hagu, sai ya nuna hagu da sandarsa cikin isa, ya faɗi sunan da ya kamata a ce shi ne. Galibi yana dacewa. In bai dace ba, Olman ya yi tari ya nuna masa da haɓa. Haka suka yi ta lallaɓawa, ba wanda ya gaya mini, balle ke.

Ana cikin haka Olman ya sayo wata 'yar lasifika da ba ta fi sabulun wanka girma ba, ya cika wayarsa da kukan kowane tsuntsu na ƙasar nan, kamar yadda duk samarin jagorori suke yi yanzu. Kin san ra'ayin Baba a kan wannan. Ya ce masu lasifika ba jagorori ba ne, makaɗan biki ne. Wai tsuntsu yana zaune lafiya kan ƙwansa, ka zo ƙofar gidansa ka sa masa muryar wani ƙato, ya taso a fusace yana neman abokin faɗa, kai kuma ka ɗauki hotonsa ka ce kai, ya yi kyau. Olman ya ce haba Baba, ai kai ma fito kake yi musu, ina bambancin? Baba ya ce fito sallama ce, sau biyu za ka yi ka yi shiru, in maigida ya ga dama ya leƙo. Olman ya ce baƙin yanzu ba sallama ta kawo su ba, in ba su sami hoto ba sai su koma gida su rubuta a intanet cewa jagoran tsoho ne mai yawan labari. Baba ya ce su rubuta, amma muddin yana da rai ba za a kunna wannan abu a filinsa ba. Olman ya ce to, Baba, irin to ɗin nan da dukkanmu muka iya.

Baƙin da na tarar su biyar ne, duka masu ɗaukar hoto, kuma da yake na fi kowa Turanci a gidan aka maƙala mini tafinta ba tare da an tambaye ni ba. Biyu kawai za ki buƙaci sani. Akwai wani ɗan Holan, tsohon likitan haƙori, wanda Gwaggo ta laƙaba wa Mai Igwa saboda tsawon kyamararsa. Akwai kuma wata 'yar Kanada, Madam Lorraine, mai kirki, irin kirkin nan da ke gajiyar da mutum. Kwanakin farko a bayan kicin suka yi su, inda Olman yake rataya ayaba ya ɗaura wani reshe mai gansakuka a gefenta, don in tsuntsu ya sauka a kai hoton ya fito kamar a tsakiyar kurmi aka sha wahala. Ayabar ba ta fitowa a hoton, haka ma igiyar shanyar Gwaggo. Tukan-tukan ɗinmu, tsuntsayen nan masu dogon baki, suna zuwa a kan lokaci kamar ma'aikatan gwamnati ranar albashi, kyamarori kuma su ɗauki ƙara kamar shagon ɗinki. Na lura ba wanda yake kallon tsuntsun. Da ya tashi sai kowa ya sunkuya yana duba bayan kyamararsa ya ga abin da ya faru. Mai Igwa har ya sa in tambayi Olman ko akwai yadda za a yi tukan ya zo ba da ayaba a bakinsa ba, wai tana ɓata masa hoto. Gwaggo ta ce in gaya masa za ta aika wa tukan ɗin da tsumma.

Amma shi Mai Igwa ba tukan ne ya tsallako da shi teku ba, monjito yake so. Kin tuna shi, ɗan mitsitsin tsuntsun nan ruwan ƙasa mai zane a ƙirji, wanda ke zama shiru a reshen bakin rafi kamar dunƙulen laka, wanda Baba yake ba mu labarinsa kamar wani waliyyi. Ba a samunsa da ido, sai dai a ji siririn fitonsa a bi. Baba ya daɗe rabonsa da shi, kuma a lissafinsa yana cikin waɗanda abarba ta kashe. Duk da haka da baƙon ya matsa, sai ya ce masa in Allah ya so. Na fassara daidai yadda aka faɗa, shi kuwa ya ɗauke shi alkawari.

Safiyar ranarsu ta ƙarshe Olman ya ce zai zagaya da Mai Igwa a mota zuwa wancan ƙetaren rafin su ɗauki hoton kwaɗi. Ƙetaren kin san filin maƙwabcinmu ne, don haka a lissafin Olman ko me ya kunna a can bai karya dokar Baba ba. Ni da Baba muka ɗauki sauran huɗun muka bi hanyar da ke gangarawa rafi ta wannan gefen. Ana yayyafi, laka tana cire wa mutane takalma, sauro yana karin kumallo da Madam Lorraine tana ba shi haƙuri. Abin da muka samu bai taka kara ya karya ba: jan kwaɗon nan mai shuɗin ƙafafu, sai wani biri da ya juya mana baya ya ƙi waiwayowa. Baba yana gaba da addarsa, shiru, yana satar kallon wuyan mutane.

Muna dab da rafin sai ga fito daga ƙetare, siriri, yana hawa yana ƙara sauri. Na ji, baƙin sun ji, kuma Yaya, Baba ya ji. Ya tsaya cak, ya kai hannu bayan kunne. Ban ga fuskarsa haka ba tun kafin rasuwar Mama. Ya juyo ya yi mini raɗa, irin raɗarsa ta yanzu da ake ji daga bakin titi, ya ce Xinia, kin ji? Ashe suna nan, 'yar nan, ashe ba su ƙare ba. Ya tattara leɓe ya mayar da fito. Fiton nasa ya sauka ƙasa da yadda yake a da, tunda ba ya jin kansa balle ya gyara, amma daga ƙetare aka amsa, har da ƙarin ƙarfi.

A amsa ta biyu na gane. Sautin ya yi wa tsuntsun da bai kai tafin hannu ba yawa, kuma duk lokacin da ya ƙare sai in ji wani zakara can ƙasa-ƙasa ya yi cara, cara iri ɗaya, a wuri ɗaya. Wanda ya naɗi kukan ya naɗo har da zakaran ƙauyensu. Na ja hannun rigar Baba na ce masa wannan na'ura ce. Ya ɗaga mini yatsan nan da kika sani, ko waiwayowa bai yi ba. Na ɗaga murya na sake faɗa, sai Madam Lorraine ta ɗora yatsa a baki ta roƙe ni cikin ladabi kada in kori tsuntsun.

Ya bar hanya ya faɗa cikin sarƙaƙiya yana sara. Ya shiga rafin, ruwa har cinya, mutumin da ya haura saba'in, baƙi huɗu suna biye da shi da kyamarori a bisa kai kamar masu gudun hijira, ni a ƙarshe ina kiran sunansa ruwa yana cinye muryata. Yana tafe yana fito, ana amsa masa. Da ya hau gaɓar sai ya yi mana alama mu durƙusa, kowa ya durƙusa a laka, an saita kyamarori. Ya sa bakin adda a hankali ya ɗaga wani faffaɗan ganye. Ga Olman tsugune a bayan saiwar wata bishiya, ga lasifika rataye a reshe, ga Mai Igwa ya auna mu da igwarsa. Ba wanda ya yi motsi. Lasifikar ta sake yin kukanta ita kaɗai, zakaran ya yi cara. Ɗaya daga cikin baƙin ya fara dariya ya haɗiye ta. Mai Igwa ya tambaya da Turanci ko mun san mun korar masa tsuntsu, kuma wannan ce jimla ɗaya tak da na bari ba fassara.

Na zaci Baba zai yi faɗa, har na fi son ya yi. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon abin a reshe, sannan ya ce Olman, sake kunna mini. Olman ya kunna. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce to yanzu rage shi, ka mayar da shi daidai yadda tsuntsun yake yi da bakinsa. Olman ya rage. Fiton ya fito siriri, tsaf, kowa a wurin yana jinsa. Baba ya karkatar da kai yana jira. Da jiran ya yi tsawo sai ya ce, ka kunna mana. Olman ya ce, Baba, yana yi. Baba ya dube ni, na gyaɗa kai. Shi ma ya gyaɗa nasa, ya mayar da adda kube, ya ce wa baƙi a bi a hankali wajen tsallakawa, duwatsun suna da santsi. Shi ya kai mu har gida, yana riƙe wa kowa reshe.

Bayan baƙin sun tafi Gwaggo ta tare Olman a kicin ta wanke shi tas. Ta ce shashasha, da kai da akwatin kiɗanka, ka rasa wanda za ka farauta a dajin nan sai ubanka? Ya ce Gwaggo, wallahi da farko na ɗauka tsuntsu ne, shi ya sa na ƙara murya. Ta ce daga baya fa? Ya ce daga baya ya gane, wa zai kasa gane fiton da Baba ya yi ta kiranmu cin abinci da shi muna yara? Amma wai in ya kashe, Baba zai wuni a kurmi yana neman abin da babu, gobe ma ya koma, in kuma bai kashe ba zai iso. Wai yana cikin auna wanne ya fi muni ganyen ya ɗaga. Gwaggo ta ce ai tunani bai taɓa yi wa mazan gidan nan rana ba, ta tura masa kwanon shinkafa da wake gabansa da ƙarfi. Ina so in ji haushinsa, amma shi ne ya yi shekara yana tari a bayan Baba, lokacin da ni da ke muke aiko da gaisuwa.

Akwai hoto, kuma wataƙila ki ci karo da shi a intanet, don haka gara ki san na mene ne. Madam Lorraine ta ɗauki Baba daidai lokacin da ya kai hannu bayan kunne. Ta aiko mana da shi da dogon saƙon godiya, wai a duk tafiyar ba ta ɗauki wanda ya kai shi ba, ta kuma rubuta a ƙasansa cewa ga mutumin da kurmi yake yi wa magana. Gaskiyarta, hoton ya yi kyau, ya fito kamar ɗan shekara hamsin. Na nuna masa don kada ya gani a hannun wani. Ya duba da kyau ya ce haske ya zauna daidai, matar ta iya aikinta, ya miƙo mini wayata.

Na san abin da za ki ce, kuma na riga na yi. Na kai shi San José wajen likitan kunne. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki aka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji ƙara, na zauna ina kallonsa ta gilashi yana jira da yatsa a sama. Likitar ta ce na'urar kunne za ta taimaka masa sosai wajen jin maganar mutane, amma siraran sautukan can na sama da wuya su dawo, ko sun dawo ma ba lallai ya iya gane ta ina suke fitowa ba. Baba ya yi mata godiya, ya ce maganar mutane kam ya ji wadda za ta ishe shi.

Tun daga nan bai sake shiga kurmi ba. Ba ya tashi da asuba. Gahawarsa a ɗaki yake sha, gaban talabijin, da murya har ƙarshe. Da wasu baƙin suka zo ya ce Olman ya kai su, ya kuma tafi da kiɗansa ya kunna musu duk abin da suke so, a filinmu ma in ya ga dama. Olman ya fita waje ya daɗe. Ni kuma na yi abin da aka biya mini makaranta in iya, na kawo hujjoji. Na ce idonsa garau yake, ya san kowace bishiya, yana iya koyar da yara, yana iya zama a baranda da baƙi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce da yana tsammanin tsuntsayen ne suka mutu, yana iya zama kusa da su ya yi makoki. Yanzu ya san lafiyarsu ƙalau. Ya ce jiya ya ga ɗaya a kan wayar lantarki yana buɗe baki yana rufewa, maƙogwaronsa yana rawa, kuma shi ba zai ƙarasa kwanakinsa yana kallon wannan ba.

Ranar Lahadi bayan mun dawo coci, muna cin abinci, ya ce in sanar da ke ya yarda, ki fara neman takardun tahowarsa wajenki. Gwaggo ta ajiye cokali ta kira shi da sunansa, ta ce Ovidio, sanyin can zai kashe ka. Ko bai ji ba, ko ya ga dama bai ji ba. Ya tambaye ni ko akwai daji kusa da gidanki. Na ce babu, sai filin ajiye motoci da shagon wanki. Ya ce madalla.

Don haka ga saƙon, Yaya, na isar. Abin da kika daɗe kina roƙo ya samu, kuma na san da zuciya ɗaya kika roƙe shi. Alfarma kawai nake nema. Idan ya kira ki, kada ki yi guɗa, kada ki ce masa ya yi dabara ko ai tun da can kin faɗa. Ki ce masa ɗakin yana nan, shi ke nan. In ya iso ki riƙa fuskantarsa in za ki yi magana, abin da ya fi muhimmanci kuma ki bar Eliécer ya faɗa, muryarsa mai kauri ce, tana shiga. Kuma ki ja wa yara kunne, kada wani ya yi masa gwaninta ya rataya abincin tsuntsaye a tagarsa.

Ki gaishe mini da Eliécer da kyau, ki ce ina yi masa sannu da ɗawainiyar da ke tafe. Ki rungume mini Dayana da Keilor. Gwaggo Flory tana gaishe ku, ta ce za ta ɗauki awon rigar sanyin Baba tun yanzu, don ita ba ta yarda da ɗinkin can ba. Olman da matarsa suna gaishe ki, shi Olman ya ce in kin tashi zaginsa ki kira da rana, yana nan. Baba bai san na rubuta duk wannan ba, kuma ba sai ya sani ba. Allah ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa,
Xinia